Keke Ta Hanyar Albashi: Ina Rabon Talaka?

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaban Ƙasa ya ce tallafin mai ya ƙare, jama'ar ƙasar Ƙaraye da Rogo suka koma kakkaɓe kekunan da suka jingine a zaure. Litar man da ba ta kai naira 200 ba, kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Malamin makarantar da ke kwana a Rogo yana koyarwa a Zarewa ko Fulatan, da mai kai kaya kasuwa daga Turawa ko Yammedi, kowa ya san abin da kuɗin babur ke ci a aljihunsa. Saboda haka babu mai gardama cewa keke ya dawo da darajarsa. Abin da muke so mu yi magana a kai shi ne hanyar da za a bi talaka ya mallake shi.

Duk lokacin da wannan zance ya taso, sai ka ji waɗansu 'yan boko sun ce a yi irin na Ingila. To, bari mu bayyana muku na Ingila ɗin, don kada a yi muku romon baka. Tun 1999 suke da wata doka: wurin aikinka ya sayi keke ya ba ka, sa'an nan a riƙa yankar kuɗin daga albashinka wata-wata, tun kafin a lissafta haraji. Watau kuɗin keken ba a cire masa haraji. Ƙaramin ma'aikaci yakan tsira da wajen kashi 28 cikin ɗari na farashin, mai babban albashi kuwa kashi 42. Ku lura da kyau, jama'a: wanda ya fi kuɗi shi aka fi yi wa rangwame. Mai cin albashi mafi ƙanƙanta ba ya shiga, domin doka ta hana a yanki albashinsa ya faɗo ƙasa da wannan iyaka. Mai sana'ar kansa ma ba ya ciki. Can ma ke nan, inda ake da takardar kowa.

Yanzu mu kawo lissafin gida. A 2024 Gwamnatin Jihar Kano ta yanke mafi ƙarancin albashi naira 71,000 a wata, watau naira 852,000 a shekara. Dokar harajin da aka sa wa hannu a watan Yuni 2025, aka ba ta ranar fara aiki 1 ga Janairu 2026, ta ce naira 800,000 na farko babu haraji a kansu, abin da ya biyo baya ana cire kashi 15, a yi ta hawa har kashi 25 ga manya. Ashe masinja ko maigadi ko lebura mai wannan albashi, harajinsa duka na shekara ba zai wuce naira 7,800 ba, tun ba a ma cire kuɗin fansho ba. A ce keke naira 100,000 ne. Ko an yafe masa harajin nan kaf, abin da ya samu ke nan, naira 7,800. Babban ma'aikacin da ke kan kashi 18 zai samu naira 18,000, wanda ke can ƙololuwa ya samu 25,000, alhali kuwa da mota yake zuwa ofis, keken ɗansa zai ba ya yi yawo a unguwa. Wannan shi ne kashin dankali, manya a bisa ƙanana.

Mai tireda fa? Mai sai da rake, da ɗan koli, da mahauci, da mai kai madara da hatsi kasuwa? Waɗannan ba su da albashin da za a yanka, ba su da takardar biya, sunansu ba ya cikin littafin sakatariya. Amma ranar kasuwa kowa ya san inda mai rasit yake samunsu. Su ne suka fi kowa buƙatar keke, domin a gare su keke jaki ne mara cin dusa: a ɗaura buhu a kariya, a rataya jarkoki, a bi hanyar burji da wadda ruwa ya cinye. Tsarin da ya manta da su, ya manta da yawancin mutanen Ƙaraye da Rogo.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasarmu. Dattawa suna tune da zamanin En'e, lokacin da ake ba ma'aikaci rancen keke a riƙa cirewa a albashi, har a haɗa masa da kuɗin keke na wata in aikinsa na yawo ne. Malamin gona da duba-gari da malamin haraji duk sun hau Raleigh ta wannan hanya. Talaka kuwa sai ya sai da gyaɗarsa ko audugarsa ya saya da kuɗi hannu, sa'an nan ya biya lasin, in babu lasin ɗan doka ya kama keken. Ɗaya ana biyansa don ya hau, ɗaya yana biya don ya hau. Har yau Tsarin Mulki na 1999 ya bar wa ƙananan hukumomi ikon yin lasin keke da amalanke da baro. Wanda ke so jama'a su hau keke da gaske, ai daga nan ya kamata ya fara.

Mun kuma ga na wasan kwaikwayo. A 2001 Ministan Sufuri, Ojo Maduekwe, ya hau keke zuwa aiki a Abuja yana kiran jama'a su bi sahunsa, har mota ta ture shi cikin kwata. Aka yi dariya, aka ɗauki hoto, magana ta mutu. Kano kuwa da ake haɗa keken Raleigh a cikinta a da, ta koma jiran na Sin da Indiya da gwanjon Turai, kowane da farashin dala a wuyansa.

Mu a ganinmu, abin da ƙaramin ma'aikaci ke nema shi ne a ba shi lokaci. Ba ya iya tara kuɗin keke a dunƙule, amma yana iya biya kaɗan-kaɗan. To, ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo su ba da rancen keke babu kuɗin ruwa, a biya cikin shekara guda ko biyu, a fara daga mai ƙaramin albashi da wanda aka tura ƙauye mai nisa, a hau sama. Kuma lalle a ba mutum kuɗin ya je ya zaɓi kekensa da kansa. Mun san abin da ke faruwa in aka ce ɗan kwangila ne zai kawo: farashi ya ninka, kaya su zo na banza, feda ta karye kafin damina ta wuce, ana kuwa ci gaba da yankar albashi. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

'Yan kasuwa kuma suna da nasu littafin tun kafin a gina sakatariya. Adashi bai taɓa neman takardar albashi ba, kuma uwar adashi ta san wanda ke biya da wanda ke kwana da kuɗin mutane. A ba ƙungiyoyin kasuwa jari su juya shi ta wannan hanya: mutum goma su tsaya wa juna, ɗaya ya karɓi keke, ya riƙa zubi kowace ranar kasuwa, in ya gama a saya wa na biye. A karanta sunayen waɗanda suka samu a bainar jama'a, don kada abin ya zama na 'yan gaban goshin ciyaman da masu riƙe da katin jam'iyyarsa. Kada a manta da masu faci da gyara, domin keken da babu mai ɗaure masa birki a kusa, rataye shi za a yi.

Kada kuma wani ya ɗauka keke ya biya bashin albashi ko na hanya. Mai naƙuda ba ta hawa kariya zuwa asibiti, kuma buhun masara goma ba ya tafiya a kan taya biyu.

'Yan'uwa, kansilolinku suna cikinku, tare kuke sallar Juma'a. Ku tambaye su ko za a sa rancen keke a kasafin kuɗin ƙaramar hukuma, da nawa, da ko mai tireda yana ciki. Ku tambaye su kuma ko za su tashi a majalisa su nemi a rubuta cewa ba za a karɓi ko kwabo a kan keke ba a ƙasar Ƙaraye da Rogo. Amsar da suka ba ku, ku aiko mana da ita, za mu buga.