Wasiƙa Zuwa Ga Kafintocin Kusada Da Kankiya Kan Akwatin Shuka

Iyayena da 'yan'uwana masu sana'ar katako,

Magana ce kan akwatunan da ake ba ku aikinsu don shuka alayyahu, latas, tumatir da attarugu a tsakar gida. Matsayina shi ne, a kare katako daga damshi, amma a bar wa ruwa hanyar fita. Katako ba ya ruɓewa sai ya daɗe a jiƙe, kuma damshin nan ne ke gayyato gara. Farin katako mai araha ya fi saurin ci, maɗaci ya fi juriya, amma kowannensu yana buƙatar shamaki tsakaninsa da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Saboda haka a lulluɓe bango huɗu na ciki da leda mai kauri, a naɗe bakinta a sama, a danne da siririn katako don kada ƙusa ta yaga ta, kada kuma rana ta ƙona ta. Gindin kuwa a huda shi, huji mai faɗin rabin inci a wurare da dama, a shimfiɗa buhun hatsi wanda ke tare ƙasa ya saki ruwa, sannan a ɗora akwatin kan bulo.

Wani zai ce ruwa tsada gare shi da rani a ƙasar Katsina, don me za a bar shi ya tsiyaye? Amsa ita ce saiwa tana numfashi. Idan aka toshe gindi, ruwan saman watan Agusta zai mai da akwatin randa, saiwa ta shaƙe, ganye ya yi rawaya. Mai son tattalin ruwa ya rufe fuskar ƙasar da ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa, ya yi ban ruwa da yamma.

Wani kuma zai kawo hujjar baƙin mai, cewa da shi aka saba korar gara. Wannan a katakon rufin ɗaki ne, inda ba a cin komai. Man da ya fito daga inji yana ɗauke da dattin ƙarafa masu guba, bai dace da inda abinci ke tsirowa ba. Ko a Amurka, tun ƙarshen 2003 aka janye maganin katako mai gubar arsenik daga yawancin aikin gidaje saboda irin wannan fargaba. Fentin mai a waje, da bulon da ke bari a ga hanyar gara a kankare ta da wuri, sun fi aminci.

Saura batun kuɗi. Gaskiya ne leda da fenti za su ƙara farashi, amma araha ba ta ado, kuma akwatin da ya zube bayan damina ɗaya sunan wanda ya ƙera shi yake zubarwa. Ku yi wa mai saye bayani tun kafin ciniki, ku inganta aikin. Allah Ya sa wa sana'a albarka.

Wassalam.