Gidan Badamasi da Labaran da Zuru Ta Zauna a Kai

Tun 2019 da tashar Arewa24 ta fara haska Gidan Badamasi, shirin ya shiga gidaje har nan Zuru. Kowa ya san Alhaji Badamasi, attajirin nan mai maƙo da ke kan keken guragu, wanda ya yi ta aure-aure har 'ya'ya suka fi ƙarfinsa. An san Magaji Mijinyawa da ya fito a matsayinsa. Wanda ba a cika ambata ba shi ne kamfanin da ya ɗauki nauyin aikin, Dorayi Films na Falalu A. Ɗorayi a Kano, kuma a ganina nan ne maganar take.

Da can barkwancin talabijin a Arewa kayan gwamnati ne. Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi da Karambana na Kasimu Yero daga Kaduna suke zuwa, Idon Matambayi kuma daga NTA Sakkwato. Tasha ke da kyamara, ita ke riƙe da faifai, ita ke yanke ranar da shiri zai tsaya. Da zamanin kaset ya zo, sai abin ya rataya a wuyan ɗan wasa guda. Rabilu Musa Ibro ya riƙe kasuwar shekara da shekaru, da Allah Ya karɓi ransa a Disambar 2014 kuwa aka ga girman giɓin.

Gidan Badamasi ya bi wata hanya dabam. An fara da marubuci, Nazir Adam Salih, wanda ya yi suna a littattafan Hausa tun kafin fim. Saboda akwai rubutu a ƙasa, kowane ɗa a gidan yana da halinsa da ba ya sauyawa daga mako zuwa mako, dariyar kuma daga halin take fitowa, ba daga faɗuwa a kwata ba. Da haka suka taɓo maganar da ake tsoro a Arewa: haihuwar 'ya'yan da uba ba zai iya riƙewa ba. Ma'aikacin lafiya in ya faɗi wannan a taro sai ya sha suka, amma magidanta sun zauna da iyalinsu sun kalla. Ina da ƙorafi, ihu kan yi yawa a wasu fitowar, kuma akwai inda aka ja labari fiye da kima. Duk da haka shirin ya yi zango bayan zango, abin da ɗan wasa shi kaɗai ba zai iya ba.

To, mu fa? Hausar barikin da Samanja ya yi suna da ita, ai a bakin iyayenmu muka tashi muka ji ta, don ƙasar Zuru ta ba Najeriya sojoji ba kaɗan ba. Tsohon soja mai jiran fansho yana mulkin gidansa kamar fareti, wannan shiri ne sukutum. Ga golmo, inda saurayi ke noma wa surukinsa shekara da shekaru kafin a ba shi mata. Ga shirye-shiryen bikin Uhola, ga kasuwa inda harsunan C'lela da Hausa ke cuɗanya a ciniki ɗaya, ga gidan da wa ke zuwa masallaci ƙane na zuwa coci.

Abin da ke ci mini rai shi ne, a finafinan Kano wanda Hausarsa ta karkace yawanci shi ake wa dariya, kamar yadda aka daɗe ana yi da Ɗan Gwari. In wani ne ya ɗauki labarinmu, haka za mu fito.

Matasanmu masu ɗora gajerun bidiyo a TikTok suna da basira, amma minti ɗaya ba ya gina gida irin na Badamasi. Su haɗu su yi wa kamfani rajista, su ware kuɗin marubuci kafin na kyamara, su rubuta zango guda cikakke, sannan su kai wa gidan talabijin na jiha a Birnin Kebbi ko Arewa24, da sharaɗin haƙƙin mallakar shirin ya zauna a hannunsu.