LITIYAM NA NASARAWA: TUN RAN GINI RAN ZANE

Masu iya magana sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Wannan magana ce muke so gwamnatin da ke zaune a Lafiya da malaman jami'o'inmu su saurara.

Sanin kowa ne ƙasashen duniya sun ɗauki alkawari a birnin Faris cikin 2015 cewa za su rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Saboda haka suka juya ga motoci masu aiki da lantarki, su kuwa batiran waɗannan motoci da litiyam ake yin su. Allah cikin ikonSa Ya binne wannan dutse a Jihar Nasarawa, har a watan Mayu 2024 aka buɗe masana'antar sarrafa shi a Ƙaramar Hukumar Nasarawa. Madalla. Amma fa da sauran rina a kaba.

Dubi abin da ya sami Indunusiya. A 2020 ta hana fitar da ɗanyen nikel, wanda shi ma ake sawa a batir, domin a riƙa sarrafa shi a gida 'ya'yanta su sami aiki. Tarayyar Turai ta kai ƙara gaban Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, kuma a watan Nuwamba 2022 alƙalai suka ba Turai gaskiya, bisa sashe na 11 na yarjejeniyar GATT wanda ya hana ƙasa tsare ƙofar fitar kaya. Indunusiya ta ɗaukaka ƙara zuwa kotun da ta daina zama tun Disamba 2019, ta ci gaba da abinta. Wato ba da ka ta yi ba, sai da ta karanci doka tukuna.

To, ranar da Nijeriya ta ce dutsen Nasarawa ba zai fita ɗanye ba, wa zai tsaya mana? Sashe na 20 na wannan yarjejeniya ya ba ƙasa damar kare arzikin ƙasa mai ƙarewa, amma da sharaɗin ta taƙaita haƙa ko amfani da shi a cikin gida ma. Gano iyakar wannan dama aikin masu bincike ne, ba na 'yan kwangila ba.

Don haka muke kira ga Jami'ar Tarayya ta Lafiya da sashen koyon shari'a na Jami'ar Jiha da ke Keffi su sa ɗalibansu binciken wannan fanni gadan-gadan, gwamnati kuwa ta ɗauki nauyinsu. 'Yar ƙasarmu, Ngozi Okonjo-Iweala, ta hau shugabancin ƙungiyar a 2021, amma alƙali ba ya zama lauyan ɗan'uwansa.

Kakanninmu sun haƙi kuza a Jos, jiragen ƙasa suka kwashe, aka bar wa jikoki ramuka. Allah Ya kiyashe mu da maimaita wannan a Nasarawa, amin.