Kashe Fitilar Gargaɗi Ba Shi Ne Gyaran Mota Ba

Yau za mu duba wata ƴar fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji, wadda kan kama a allon gaban direba ta tayar wa maigida hankali, musamman in ana shirin tafiya da iyali. Sau da yawa abin da mai mota ke roƙon makaniki shi ne ya kashe masa ita. Kashe ta aikin minti ɗaya ne. Gano abin da ya kunna ta da gyara shi, nan aikin yake.

Motar zamani tana ɗauke da ƙaramar kwamfuta mai lura da inji da hayaƙin da yake fitarwa. Da zarar ta ga wani abu ya kauce, sai ta rubuta lambar matsalar ta ajiye, sannan ta kunna fitila. Amurka ta wajabta wannan tsari mai suna OBD-II a 1996, Tarayyar Turai kuma ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur, a 2004 ga masu shan dizal. Shi ya sa motocin hannu da suka shigo mana ta Kwatano da Lome suke da wata kafa mai ramuka 16, galibi a ƙarƙashin sitiyari. A nan makaniki ke jona na'urar bincike, wadda a garejinmu ake ce wa baliz.

Kowace lamba tana farawa da harafi. P na inji da giya ne, C na birki da ƙafafun mota, B na jikinta, U kuma na wayoyin da ke haɗa kwamfutocinta. Alal misali, P0301 na nufin silinda ta ɗaya ba ta ƙona mai daidai. Sai dai lambar ba ta faɗi abin da ya lalace ba: yana iya zama fulogi, wanda wasunmu ke kira buji, ko waya, ko bututun fesa mai. Lamba nuni ce kawai, bincike na makaniki ne.

Bayan gyara, makaniki kan goge lambar da na'urarsa, fitila ta mutu nan take. Ko bai goge ba, idan gyaran ya yi, kwamfutar za ta kashe fitilar da kanta bayan tafiya uku a jere ba ta sake ganin matsalar ba, lambar kuma ta ɓace bayan inji ya yi zafi ya huce kamar sau 40. Wasu kan cire kan batir na ɗan lokaci. Wannan dabara takan yi aiki a tsofaffin motoci, amma tana iya kulle rediyo, ta kuma mantar da kwamfuta saitin da ta koya, kuma sau da yawa ba ta taɓa fitilar birki ko ta jakar iska mai kare fasinja.

Abin lura shi ne, na'ura tana goge lamba ko an yi gyara ko ba a yi ba. Tana kuma share bayanin da kwamfuta ta ajiye na halin da inji yake ciki lokacin da matsalar ta auku, kamar zafinsa da gudun motar. Wanda ya goge kafin ya karanta, ya yaga takardar likita ne tun ba a sayi magani ba. Fitilar za ta dawo bayan kwana biyu ko mako guda, wataƙila a tsakiyar hanyar Tawa zuwa Agadas, inda babu gareji kusa. Saboda irin wannan ne motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 2010 suke ajiye wasu lambobi da na'ura ba ta iya gogewa, sai kwamfutar ta tabbatar da kanta cewa an gyara.

Mai shirin sayen motar hannu ya kiyaye. Akwai masu goge lambobi da safe su kai mota kasuwa da rana, akwai masu cire ƙwan fitilar ko su liƙe ta. Ɓoye aibin haja ha'inci ne, a nan kuwa har da rayukan mutane a ciki. Mai saye ya murɗa makulli ba tare da ya tayar da inji ba: dole fitilun gargaɗi su kama, sannan su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba sam, a tambayi dalili. Ya kuma zo da makanikin da ya amince da shi, domin a motoci da yawa na'ura tana nuna kilomita nawa aka yi tun gogewar ƙarshe.

Launin fitila ma magana ne. Ruwan ɗorawa na cewa a je gareji ba da jimawa ba. Idan ta inji tana ƙyaftawa, a rage gudu a nemi makaniki a ranar, don ɗanyen mai na iya ƙona matatar hayaƙi da ke cikin salansa, ita kuwa da tsada take. Jar fitilar man inji ko ta zafi kuwa, a tsaya a kashe mota nan take.

Saboda haka maigida, in ka kai mota gareji, ka nemi a karanta maka lambar ka rubuta ta a takarda, a nuna maka abin da aka canza, sannan a goge. Ka yi ƴan kwanaki kana hawa cikin gari da bayan gari, ka koma a sake jona na'ura kafin ka ɗauki iyali zuwa doguwar tafiya. Makanikin kirki ba zai ji haushin wannan ba, ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai mu fitowa ta gaba lafiya.