Ranar Rabo Kowa Na Nan, Ranar Lissafi Fa?

Duk lokacin da azumi ya ƙarato, harabar ma'aikatu da makarantu a Arewa kan cika da buhunan shinkafa da sukari da jarkokin mai. Ƙungiyar gama-kai ta ma'aikata ce ta saro, ta raba wa 'ya'yanta da rangwame, a riƙa cirewa daga albashi kaɗan-kaɗan. Ranar rabo babu masaka tsinke. Amma ranar babban taron shekara, da za a karanta lissafi a zaɓi shugabanni, sai a yi ta neman mutane da waya.

A ganina wannan hali ya fi sata illa, domin shi ne yake buɗe mata ƙofa.

Ba haka aka faro abin ba. A watan Disamba na 1844, mutum 28 a garin Rochdale na Ingila, masaƙa da sauran masu sana'ar hannu, suka gaji da algus da tauye awo. Suka haɗa fam ɗaya-ɗaya, suka buɗe ɗan kanti suna sayar da gari da sukari da man shanu da kyandir. Ƙa'idarsu ita ce kowane mamba ƙuri'arsa ɗaya, komai yawan jarinsa, riba kuma a raba gwargwadon sayayyar kowa. Su ne masu saye, su ne masu kanti, su ne masu bin diddigin littafi.

Mu kuwa daga sama tsarin ya zo mana. Gwamnatin mulkin mallaka ce ta kafa dokar ƙungiyoyin gama-kai ta farko a Najeriya a 1935, da jami'inta mai rajista da sa ido. Ina ganin tun daga nan da yawa suka ɗauki ƙungiya a matsayin wani reshe na hukuma. Shi ya sa za ka ji mamba yana cewa "sun kawo kaya", "sun ƙara kuɗi", kamar ba da dukiyarsa ake juyawa ba. Wani ma karɓar buhu yake ya kai kasuwa ya karyar, bashin ya bar wa 'yan'uwansa.

Girman ƙungiya ba ya kare ta idan mambobi suka yi nisa da ita. Babbar ƙungiyar masu sayayya ta Birtaniya, mai miliyoyin mambobi, ta tafka asarar fam biliyan 2.5 a 2013, bankinta ma ya kuɓuce daga hannunta. Binciken da Lord Myners ya yi a 2014 ya ɗora laifi a kan tsarin shugabancinta, inda mamba na ƙasa ba shi da ta cewa kai tsaye. Cikin gyaran da aka yi har da ba wa kowane mamba ƙuri'arsa.

Shugabanni ma da nasu laifin. A sa taro ana tsakiyar aiki, a karanto alƙaluma cikin Turanci da sauri, wanda ya ɗaga hannu a yi masa kallon mai neman fitina. Ga kunya: ƙaramin ma'aikaci ba ya iya tambayar ma'aji da ya haife shi inda kuɗi suka shiga. To, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ma'aji mai gaskiya tambaya wanke shi take yi.

Saboda haka a riƙa raba takardar lissafi mako biyu kafin taro, a yi bayaninta da Hausa. A ɗauko mai binciken kuɗi daga waje, a ƙayyade wa'adin shugabanni, a zaɓi lokacin da mata za su iya halarta. Kai kuma mamba, ka je taron bana da tambayoyi uku: nawa aka sayo kayan, wa ake bi bashi, ina ribar bara? Wanda ake cire wa kuɗi duk wata yana da haƙƙin jin amsa.