SHARHI: Ɓoye Salon Saƙa Ba Zai Ceci Masaƙan Jalingo Ba

Da zarar hunturu ya kawo jiki, wata ƙaramar sana'a kan farfaɗo a Kasuwar Jalingo: saƙar hular jarirai, da safa, da 'yar rigar sanyi, da shawul, da hular kai ta manya. Mafi yawan masu wannan aiki mata ne da ke saƙa a cikin gidajensu da kwarashi ko tsinken saƙa, sannan su aiko da kayan kasuwa ta hannun yara ko dillalai. Ba su da shago, ba sa cikin rajistar kowace ma'aikata, amma da kuɗin wannan saƙa ake sayen sabulu da littafin makaranta, ake kuma zubin adashi a gidaje masu yawa.

Akwai wata muhawara da ta daɗe a tsakanin masu wannan sana'a. Wasu na ganin duk wadda ta ƙirƙiro sabon salon saƙa, kamata ya yi ta riƙe sirrinsa, domin da zarar ta koya wa maƙwabciyarta kasuwa za ta cika da irinsa, farashi ya faɗi. Wasu kuwa na koyarwa kyauta, a gidan suna, ko a makarantar Islamiyya, ko a zumuntar mata ta coci, yanzu kuma har ta wayar hannu. Ra'ayin wannan sharhi shi ne masu koyarwar ne ke kan daidai, kuma hujjar ta tattalin arziki ce, ba ta kirki da zumunci kaɗai ba.

Masu ɓoyewa suna da abin faɗa, kuma ya dace a saurare su. Ƙirƙirar salo na cin lokaci da zare. Sai an saƙa an warware sau da dama kafin ƙidayar ta zauna. Wadda ta kwaikwaya ba ta biya wannan wahala ba, don haka tana iya sayarwa da araha. Sai dai saƙa ba ta riƙe sirri. Duk ƙwararriyar da ta sayi hula guda ta juya cikinta, za ta ƙirga layukan ta gane yadda aka yi. Abin da ɓoyewa ke saya wa mai salo bai wuce 'yan makonni ba, alhali abin da take asara ya fi haka yawa.

Dalili kuwa shi ne salo ba kamar zare ba ne. Idan mace ta ba 'yar uwarta dunƙulen zare, nata ya ragu; idan ta koya mata salo, nata na nan yadda yake, sana'ar kuma ta ƙaru da hannu ɗaya. Tun a 1890 masanin tattalin arziki na Ingila, Alfred Marshall, ya bayyana yadda masu sana'a iri ɗaya ke bunƙasa idan suka taru a wuri guda, saboda dabarar da ɗaya ya gano takan isa ga sauran, su kuma su ƙara mata tasu. Ba sai mun je Ingila neman misali ba. Aska biyu da aska takwas da ake yi wa babbar riga ba mallakin wani mutum ɗaya ba ne. Masu zane sun yi ta miƙa su daga hannu zuwa hannu a Zariya da Kano da Bida, kuma wannan ne ya sa fatake suka san garin da za su nufa idan suna son riga ta gari. Haka hulunan Barno suka yi suna. A tsibirin Fair Isle da ke arewacin Sikotilan, wanda mazaunansa ba su kai mutum 100 ba, salon saƙa na kowa ne, amma sunan tsibirin ya zama shaidar inganci a kasuwannin duniya.

Abokiyar gasar mai saƙa a Jalingo ba maƙwabciyarta ba ce. Gwanjo ne, da kayan inji na Sin da ke zuwa dila-dila. Hular da inji ya saƙa cikin 'yan mintoci ba za ta taɓa kai tsadar wadda hannu ya saƙa ba. A Yulin 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 70,000 a wata. Idan aka raba shi kan kwana 22 na aikin awa takwas, awa ɗaya ta kama kusan naira 400. A ɗauka hular jariri ta ci awa uku: ladan hannu kaɗai ya kai naira 1,200, ba a sa kuɗin zare da na mota da la'adar dillali ba. Mai saƙar da ba ta yin wannan lissafi takan ɗauka ta ci riba, alhali lokacinta ta bayar kyauta.

Matsala ta biyu ita ce zare. Abin da ake kira ulu a kasuwanninmu galibi ba gashin tunkiya ba ne. Zaren roba ne da ake sarrafawa daga sinadaran man fetur, kuma ko dai zaren ko sinadarinsa daga waje ake shigo da shi. Saboda haka farashinsa na bin dala. A Mayun 2023 dala ɗaya na kan kimanin naira 460 a farashin hukuma. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ƙara tsadar dako, ga shi kuwa zaren sai ya ratso daga manyan kasuwanni irin na Kano da Anacha kafin ya iso Jalingo. Idan ba a manta ba, masaƙun Kaduna da a da suke ɗaukar dubban ma'aikata sun durƙushe: Kaduna Textiles, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, ita kuma UNTL ta dakatar da aiki a 2007. Matar da ke sayen dunƙule biyu ko uku a rumfar kiri ita ce ke ƙarshen wannan doguwar sarƙa, kuma ita ke biyan ribar kowa.

A nan ne amfanin musayar salo ke fitowa fili. Jihar Taraba, wadda aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Gongola a ranar 27 ga Agusta, 1991, tana da abin da jihohi da yawa ba su da shi, wato kasuwar kayan sanyi da ba ta jiran hunturu. Tsaunin Mambila, a Ƙaramar Hukumar Sardauna, ya haura mita 1,500 daga doron teku, kuma mutanen Gembu da Nguroje na bukatar hula da safa da rigar sanyi kusan duk shekara. Har ila yau akwai makarantun firamare da ke son rigunan sanyi masu launi ɗaya, akwai kuma ɗakunan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya na ɗaukar jaririn da zafin jikinsa ya gaza digiri 36.5 a ma'aunin Salshiyos a matsayin wanda sanyi ya kama, kuma rufe kan jariri na cikin matakan kariya da take shawarta, musamman ga bakwaini.

To amma ɗan kasuwar Gembu ko shugaban makaranta ba hula biyar yake so ba. Yana iya neman 200, girma ɗaya, launi ɗaya, a rana ɗaya. Mace ɗaya ba za ta iya ba, komai saurin hannunta. Mata 20 da suka san salo ɗaya da ƙidaya ɗaya za su iya. Wato wadda ta ɓoye salonta ta rufe wa kanta ƙofar babban ciniki, ta zauna jiran mai sayen ɗai-ɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ya kamata a yi hattara da maimaita kuskuren baya. Shirin Kyautata Rayuwar Matan Karkara na 1987 da Shirin Tallafa wa Iyali na 1994 sun buɗe cibiyoyin koyon ɗinki da saƙa a ƙananan hukumomi, an raba injuna, an yi bukukuwan yaye ɗalibai. Amma koyarwa da raba inji ba su warware batun zare da kasuwa ba, kuma shirye-shiryen sun shuɗe tare da gwamnatocin da suka kawo su. Abin da ake bukata a yau bai kai wancan tsada ba.

Na farko, masu saƙa su yi rajistar ƙungiyar gama kai, su mai da adashinsu jarin sayen zare a sari, tun kafin kaka, lokacin da bukata ba ta tashi ba. Na biyu, ƙungiyar ta buɗe littafi guda da za a rubuta kowane salo da Hausa, da yawan ƙidaya da girman kwarashi da nauyin zaren da ya ci, tare da sunan wadda ta ƙirƙiro shi. Idan aka samu babban ciniki da salon wata, a ware mata wani ɗan kaso. Ta haka kukan masu ƙirƙira ya samu amsa ba tare da an kulle ilimi ba. Na uku, a sa wa kayan alama guda da za ta nuna saƙar Jalingo ce, a kuma ƙi karɓar aikin da bai kai ba, domin hula ɗaya mai warwarewa na iya ɓata sunan ɗari.

Nauyin hukuma shi ma a bayyane yake. Hukumar SMEDAN, wadda aka kafa a 2003 don bunƙasa ƙananan sana'o'i, da ma'aikatun ciniki da na harkokin mata na jiha, za su iya koya wa ƙungiyoyin lissafin farashi, su sauƙaƙa masu rajista, a kuma ware masu rumfa ta dindindin a cikin kasuwa. Asibitoci da makarantun gwamnati kuwa su fara duba gida kafin su aika saye waje. Oda guda tabbatacciya a kowace shekara ta fi wa mai saƙa amfani a kan injin da aka ba ta ba tare da zare ba.