Keken ɗinki ya ishe mu haka, a ba 'ya'yanmu mata kwamfuta

Iyayena, yayyena da ƙannena matan jam'iyya na Kafin Hausa, Haɗeja da kewaye. Don Allah a karanta har ƙarshe kafin a tura.

Harkar fasahar zamani ta daɗe a Jigawa. Tun zamanin Gwamna Saminu Turaki aka kafa makarantar Informatics a Kazaure, aka kawo intanet na Galaxy, lokacin da jihohi da yawa ba su farka ba. A 2013 aka kafa jami'ar jiha a nan Kafin Hausa, wadda yanzu ake kira Jami'ar Sule Lamido. Shugaban NITDA, hukumar fasahar sadarwa ta ƙasa, Malam Kashifu Inuwa, ɗan Haɗeja ne, tun 2019 yake kan kujerar. A 2023 gwamnatin tarayya ta fito da shirin 3MTT na koya wa matasa miliyan 3 aikin kwamfuta. Rijiyar a tsakar gidanmu take.

To ina namu gugan?

Ku duba yadda ake rabo a mazaɓunmu. In aka ce tallafi, mata keken ɗinki, injin taliya, akuya. In aka ce horon kwamfuta, sai jerin sunaye ya fito duk samari, an cike shi da dare a majalisar maza. Mun gode da keke, amma layi ɗaya tela biyar, wa zai ɗinka wa wa?

Wai kwamfuta ba ta mata ba ce. Haba! Kun manta canjin kuɗi na farkon 2023? Masu sayar da shinkafa da kifi suka koma karɓar taransifa a asusun ɗa ko miji, wasu har yau ba su san nawa ya shiga ba. Ranar nan muka gane cewa macen da ba ta iya waya ba, cinikinta a aljihun wani yake.

Wai za ta lalata tarbiyya. Ai wayar tana hannun yaran nan tuni. Gara ta koyi lissafin kasuwanci, tallan zoɓo da riɗi a intanet, cike fom ɗin JAMB da aikin POS, tana ɗakinta da hijabinta, da ta wuni tana kallon TikTok. Kuma wace uwa ce ba za ta fi so mace 'yar'uwarta ta koyar da 'yarta ba?

Mu ne muke layi cikin rana ranar zaɓe, da goyo a baya. Saboda haka ga matsayarmu:

1. Duk horon fasaha da zai biyo ta hannun jam'iyya, rabin gurabe na mata ne.
2. Ba a rufe jerin sunaye sai shugabar mata ta mazaɓa ta sa hannu.
3. Kowace shugaba, daga Bulangu zuwa Sarawa, Ruba da Zago, ta rubuto sunayen 'yan matan da suka gama sakandare, har da matan aure da zawarawa masu sha'awa, ta kawo taro na gaba.

Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'armu a 2027, kafin ya miƙo atamfa a tambaye shi: 'ya'yanmu mata nawa ka sa a horon kwamfuta?

A tura wa kowane guruf na mata. Allah Ya yi mana jagora, amin.

Daga ofishin Shugabar Mata